Abin da Malam Ya Bari a Turke

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Malam ta zo wata Laraba ana kiran la'asar, a ɗakinsa a nan Madabo, gidan da aka yanke masa cibiya. Shekarata hamsin da biyu a gidan nan ina matarsa. Ni ban yi karatu ba, abin da nake salla da shi a bakin mahaifiyata na ɗauka. 'Yata ce take rubuta wannan, na kuma gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya.

Kwana uku ana zaman makoki ina kan tabarma a ƙuryar ɗaki, amma babu wanda ya shigo gidan nan ban san da zuwansa ba. Dukawan Kasuwar Kurmi, abokan sana'arsa, tare suka zo, suka aiko a gaya mini an binne hannun da ya fi kowane iya ɗinkin linzami a layinsu. 'Yan dako ma sun zo, su wajen goma, babu wanda ya san sunansu a gidan nan. Can ƙarshen tabarma suka zauna, kusa da takalma. Babbansu ya ce shekara da shekaru randar da ke bakin rumfar Malam ba ta taɓa bushewa ba, kuma bai taɓa ɗaga kai ya ga wa ya sha ba.

A rana ta biyu mutanen filin sukuwa suka zo. Tun kafin a gaya mini na san su ne, don warin doki ya riga su shigowa. Da suka shafa addu'a sai suka nemi izinin ganin dokin Malam. Na leƙa ta labule. Wani tsohon mahayi, ɗan siriri mai gwamammun ƙafafu, ya tsaya gaban turke ya dafa goshin dokin. Hularsa ya cire ya rufe fuska da ita.

A cikin ɗaki kuwa ƙanwar Malam ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Amma ko ba komai kin huta da kashin doki." Mata suka yi 'yar dariyar nan ta gidan makoki, wadda ake haɗiye rabinta, suka jira in ce wani abu. Ban ce ba. Suka ɗauka baƙin ciki ne ya riƙe mini baki. Baƙin cikin yana nan, amma ba shi ba ne. Rantsuwa ce, kuma ranar shekararta goma sha shida a kaina.

Malam ba mai son abin duniya ba ne. Rigunansa uku, ta kasuwa, ta Juma'a, da wadda take jiran wanki. Ba ya cin goro, ba ya zaman mai shayi. Amma mutumin da ya tashi tun yana yaro yana yi wa dawakan wasu ragama da linzami, dole wata rana ƙaunar abin ta shige shi. Duk ranar da ake sukuwa da wuri yake rufe rumfa ya tafi ya tsaya jikin shinge. Ya dawo ina tankaɗe yana ba ni labari, wane ya tashi da gaggawa, wane numfashinsa ya ƙare a kwanar ƙarshe. Ni har yau ban taɓa taka filin ba.

Ranar da ya fara kawo maganar saye, a kan kifaffen turmi ya zauna yana lissafa mini da yatsu. Ya ce hanya uku ce. Ko mutum ya saya shi kaɗai ya kai barga kusa da fili, ya riƙa biyan masu kula da shi duk wata, wannan ta masu hannu da shuni ce. Ko ya saya shi kaɗai ya ɗaure a gida, ya zama shi ne ubangida shi ne bara. Ko kuma a yi tarayya, mutum biyu ko uku, kowa da kasonsa a ciyarwa, da kasonsa a kyauta in an ci.

Na ce, "Ka manta ta huɗu."

Ya ce, "Wacce?"

Na ce, "Wadda kake kai yanzu. Ka tsaya jikin shinge ka sha kallo, ka dawo gida da kuɗinka a aljihu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Mai Ido, ke dai ba a kayar da ke." Haka yake kirana, wai don babu abin da yake giftawa a gidan nan ban gani ba. Bayan wata biyu doki ya shigo.

Ta ukun ya bi. Abokan tarayyarsa biyu ne, wani mai sayar da yadi a Kurmi da wani mahauci. Su suka fi zuba kuɗin saye, shi kuma ya ba da wuri da jikinsa. Aka kafa turke a filin da ke tsakanin soro da cikin gida, inda nake shanya gero. Dokin bidi ne, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, dogo, an ce daga Chadi aka kawo shi. Sai da aka sassaƙe gefen ƙofar soro kafin ya shige.

Mutane sukan tambaya nawa ake sayen dokin sukuwa. Wanda bai sani ba ne yake wannan tambaya. Saye sau ɗaya ake yi, cikinsa kuwa kullum yana nan. Ni da mudu na san lissafi. Dawar da dokin nan yake ci a yini ta isa tuwon daren gidan nan, mu takwas har da jikoki. Ga harawa, wadda in rani ya yi nisa sai an yi ciniki kamar za a sayi zane. Ga dusa, ga kanwa. Ga mai gyaran kofato, ga likitan dabbobi da allurarsa, ga mahayi da ake biya ko an ci ko ba a ci ba, ga kuɗin shiga gasa. An ce abincin kashi uku za a raba. Amma mai yadi sai an bi shi, mahauci kuma in kasuwa ta yi masa kyau ya kawo, in ba ta yi ba ya aiko da ban haƙuri. Doki ba ya cin ban haƙuri. Buhun gidan nan ake kwancewa.

Kullum daga masallacin asuba turke Malam yake wucewa. Ya tsuguna ya bi ƙafafun nan huɗu da bayan hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga gwiwa zuwa kofato, yana neman inda ya yi ɗumi. Yakan ce doki ba ya ƙarya, amma ba ya kawo ƙara, sai ka je ka tambaye shi. Sannan ya ja shi su fita ta Ƙofar Mazugal kafin motoci su yi yawa. Ni ina bakin murhu ina kallo. Ban yi niyyar koyo ba, ido ne ya ɗauka.

A shekara ta biyu damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada. Wata rana abokan tarayya suna soro suna shawarar a ƙara wa dokin dawa, ni kuma na auna na dare na ga ba zai kai ba. Na tsaya bayan ƙofa na ɗaga murya yadda za su ji, na ce a tambayi dokin ko zai rage wa yara. Malam ya shigo. Bai taɓa yi mini tsawa ba, ranar ma bai yi ba, amma ya faɗa yadda na waje za su ji.

"Maganar doki ba taki ba ce. Ki tsaya a kan tukunyarki."

Na ce, "Haka ka ce?"

Ya juya zai koma soro.

Na ce, "To na rantse da Wanda raina yake hannunSa, bakina ba zai sake shiga maganar dokin nan ba."

Washegari ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce sharrin shaiɗan ne. Ya ce in yi kaffara, in ciyar da mutum goma a wuce wurin, shi zai kawo hatsin. Na ce ni ba na rantsuwa don in karya. A gidanmu haka aka tashe mu. Mahaifina ya taɓa rantsewa ba zai sake taka wata kasuwa ba, ya mutu bai taka ba, kuma da yabo ake ba da labarin. Ni ma yabon nake so.

Dokin ya ci gasa sau biyu. Da aka cire na mahayi aka raba sauran uku, abin da ya zo hannun Malam bai kai abincin wata biyu ba. Amma a na farkon ya sayo turmin atamfa ya ajiye mini a kan gado, bai ce daga ina ba. Na ɗinka na ɗaura, ban tambaya ba.

Sai aka zo babbar gasar da suka shekara suna jira. Saura kwana uku, da hantsi, Malam yana kasuwa ina shara, na ga dokin ya miƙa ƙafar gaba ta hagu ya ɗora ta a kan bakin kofato, ba ya sa mata nauyi. Da ya ji motsina sai ya mayar. Na ajiye tsintsiya. Ban taɓa sa wa dokin nan hannu ba sai ranar. Na tsuguna na bi ƙafafun da bayan hannu yadda na ga ana yi. Ta dama da sanyinta. Ta hagu, a bayan ƙwauri, da ɗumi kamar goshin yaron da zazzaɓi yake shirin kamawa.

Malam ya dawo na kai masa abinci na zauna. Maganar tana nan a maƙogwarona. Na ce a raina ai kullum yana dubawa, zai ji da kansa. Na ce a raina ai shi ya ce in tsaya a kan tukunya. Kwana uku ina kai abinci ina kwashe kwano, ban ce uffan ba.

Ranar gasa bayan la'asar wata a-kori-kura ta tsaya a bakin titi, don mota ba ta shiga lungunmu. Daga can aka taho da dokin a kan ƙafa uku, mutum huɗu suna tallafe da shi. Tafiyar da ba ta kai tafasar ruwa ba sai da ta kai su magariba. An ce shi ne a gaba, saura kaɗan, jijiyar ta yage. Likita ya ce zai taka in an yi jinya, amma gudu ya ƙare.

Aka sake zama a soro, ni kuma ina bayan ƙofar nan dai, bakina a rufe. Mai yadi ya ce akwai masu sayen irin waɗannan su yi lodinsu a mota zuwa kudu, gara a sami ko kaɗan. Kowa ya san abin da ake yi da su in sun isa. Mahauci ya ce, "Malam, kada ka ji haushina. Ni sana'ata nama ce, in na gan shi ina gane shi. Wannan yanzu ba doki ba ne."

Malam ya ce, "Nawa masu lodin za su bayar?"

Suka faɗa.

Ya ce, "To ku ɗauka ni ne mai lodin. Zan biya ku kasonku."

Rabin rumfarsa ya sayar, rumfar da ya gada a wurin mahaifinsa. Aka raba ta da katako, wani ya zuba takalman roba a ɗaya gefen. Abin da yake tarawa na kujerar Makka kuma jinya ta cinye shi. Shi ya sa har ya koma ga Allah Malam ake ce masa, sa'o'insa duk sun zama Alhazai.

Shekara goma sha biyar yana ciyar da dokin da ba zai sake kawo ko sisi ba. 'Yan unguwa suka sa masa Mai Gurgu, in ya ji sai ya ɗaga musu hannu. Bai fasa bin ƙafafun nan da asuba ba, har da wadda ta riga ta lalace. Su fita a hankali zuwa Ƙofar Mazugal su dawo, doki yana ɗingishi, daga baya shi ma gwiwa ta kama shi ya zama su biyu suke yi.

Ni fura nake yi ta sayarwa, kullum sai na yi surfe. Da can masu awaki nake sayar wa dusar. Tun makon da aka dawo da shi a kan ƙafa uku, sai na riƙa zuba ta a ƙwarya in ajiye kusa da turke in wuce. Malam bai taɓa yi mini godiya ba, don ya san godiya tana neman amsa. Sai dai in tarar da ƙwaryar a wanke, a kife a bakin ɗakina.

Ciwon ajali wata biyu ya kwantar da shi. Ya sa aka juya masa gado ya fuskanci ƙofa don ya riƙa jin motsin turke. Saura kwana goma ya rasu, bayan azahar, ina ba shi kunu, dokin ya yi haniniya. Ya kawar da baki daga ludayi.

"Mai Ido."

"Na'am."

"Kin gani, ko? Ƙafar nan. Kafin gasa."

Na ci gaba da gauraya kunun.

Ya ce, "Na san kin gani. Na dawo na tarar da sawun gwiwarki a ƙasa gaban turke, shara kuma an bar ta rabi. Ke ba kya barin shara rabi."

Ya huta, don magana tana gajiyar da shi. Sannan ya ce, "Ni ma na ji ɗumin. Tun da asubar ranar na ji. Na ce wa kaina ba komai ba ne, don ina so in ga gudun nan. Kwana uku ina cin abincinki ina jira ki yi magana. Da kin ce kalma ɗaya da na fasa. Ni na rufe bakin, ni kuma na zauna ina jira ya buɗe. Ki yafe mini."

Yafiya ba maganar doki ba ce, don haka na ce, "Na yafe. Ni ma ka yafe mini."

Ya ce, "Na me?" Yana ɗan murmushi. Gwada ni yake yi.

Na dubi kunun.

Ya ce, "Har yanzu?" Ya yi dariyar da ba ta da sauti. "Allah Ya shirye ki, Mai Ido. Na yafe. Ba ni kunun."

A cikin mutuwar nan duka babu abin da yake ci mini rai kamar wannan. Shi ya faɗi nasa. Ni ya tafi bai ji nawa daga bakina ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. A tsakar gida aka yi, saboda ina takaba ba na fita. Aka kira malamin unguwa, ga 'ya'yanmu, maza biyu mata uku. Aka gama da gida, aka gama da rabin rumfa, aka zo kan doki. Babban, wanda ba na kama sunansa, shi ya yi magana, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ya ce aikinsa a wani gari yake, ƙaninsa kuma tun safe yake fita. Ya ce abincin dokin na wata ya isa ya riƙe yaro a makaranta. Ya ce wani mai lodi ya riga ya zo ya gani ya taya, ranar Asabar motarsu za ta tashi.

Ya ƙara da cewa, "Umma ma ai ta gaji da shi. Shekara nawa ko kallonsa ba ta son yi."

'Yata, wannan da take rubutu, ta ce, "Yaya, kada ka sa Umma a ciki. Ka san da rantsuwa."

Malamin ya gyara zama ya ce, "To, akwai mai ja?"

Babu wanda ya dube ni. Sun saba, in an zo maganar doki tsallake ni ake yi kamar rijiya. Na ji malamin ya ja numfashi zai shafa fatiha.

Na ce, "Ba za a sayar ba."

Sai da na sake faɗa. Na ce a yi masa kuɗi yadda mai lodi ya taya, a sa shi a cikin tumunina, kason da shari'a ta ba ni na matar mamaci.

Babban ya ce, "Umma, gurgu ne fa, ga tsufa. Ci kawai zai yi ta yi."

Na ce, "Na fi ka sanin abin da yake ci, da mudu na auna. Ƙafar nan kuma da kake cewa, na san ta tun kafin ta lalace." Na gaya musu komai, da sharar, da ɗumin, da kwana ukun. Ƙaramin ya sunkuyar da kai. Matan suna kuka. Ni ban yi ba, na riga na yi nawa.

Malamin ya ce, "Baba, kin san kin karya rantsuwa?"

Na ce, "Na sani. Mutum goma ne, ko an ƙara?"

Ya ce, "Ba a ƙara ba."

Washegari na tuƙa tuwo da miyar kuka, na sa nama. Na aika Kurmi aka kira mini 'yan dakon nan da suka zauna kusa da takalma. Suka ci a soro suka ƙoshi, suka yi wa Malam addu'a, suka koma bakin aikinsu. Tukunya ɗaya ce. Da na gama wanke-wanke na shiga ɗaki na tsaya a kan buhun da na ɗebi hatsin. Ko alamar an taɓa shi babu. Abin da na hana Malam ke nan shekara goma sha shida.

Yanzu ni nake bin ƙafafun da asuba. Ba zan iya kai shi Ƙofar Mazugal ba, sai dai in kwance shi mu zaga fili sau uku, yana ɗingishi ina riƙe da ragamar da Malam ya ɗinka da hannunsa. Har yau in an buɗe ƙofar soro sai ya ɗaga kai, in ya ga ba Malam ba ne ya mayar.

Allah Ka jiƙan bawanKa. Ka dubi randar da bai bari ta bushe ba, da dabbar da bai miƙa wa wuƙa ba, Ka yafe masa gudun nan ɗaya da ya so gani. Ku da kuka san shi, in ya faɗo muku a rai ku yi masa addu'a. Wanda kuma bai san shi ba, dokin yana nan a turke. Ya yi sallama a soro, zan ba shi labarinsa da bakina.